"Ai Babu Komai a Ciki, Kawu"

Ranar Asabar, a wani filin koyon harbi da ke bayan garin Houston a jihar Texas ta Amurka, na tarar da ɗan aminina ya jingina da kanta, ya sa an fito masa da ƙatuwar fistol ɗin nan da ake kira Desert Eagle. Shekararsa 22, ko wata uku bai yi da samun takardar zama ta dindindin ba. Hannu ɗaya bindiga mai nauyin kusan kilo 2, ɗaya hannun waya yana ɗaukar kansa bidiyo, yatsa kuwa a kan kunama. Na ce, "Kai, cire yatsan nan." Ya yi dariya ya ce, "Haba Kawu, ai babu komai a ciki."

Ni ma na taɓa faɗin haka, shi ya sa daren nan barci ya gagare ni.

A gida ban taɓa riƙe bindiga ba. Iyakata in ga adaka a kafaɗar mafarauta, fistol kuwa sai a ƙugun ɗan sanda, don dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa ta cikin waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa. Na zo Texas, aka ce in cike fom mai lamba 4473, aka bincika sunana, shi ke nan. Kaina ya kumbura. Mai shagon ya nuna mini 'yar ƙarama mai cin harsashin .22, na ji kamar ya zage ni. Na nuna libarba .44 Magnum na ce ita nake so. Harbin farko ta kusa gurɗa mini wuyan hannu. Daga nan jikina ya koyi tsoronta: kafin in danna kunama na riga na runtse ido na dunkufar da bakinta ƙasa. Shekara biyu ina huda ƙasan takardar bara ina cewa saitin ne ba daidai ba. Ga tsadar harsashi. Wata rana kuma na cire abin toshe kunne don in ji ainihin ƙararta. Na ji. Har gobe kunnena na hagu kukan gyare yake yi.

A yi mini adalci dai, babu wanda ya koya mini, kuma zamanin babu bidiyon koyarwa birjik irin na yanzu. Ko da yake ajin koyarwa yana nan a filin, girman kai ne ya hana ni shiga.

Babbar wautar sai da na sayi mai cin 9mm. Wani dare na dawo aiki a gajiye, na zauna a gareji zan goge ta, don danshin Houston ba ya wasa da tsatsa. Na zare gidan harsashi na ajiye gefe. Irin wadda sai an danna kunama take warwaruwa ce. Ban ja samanta, wato ɓangaren da ke zamewa, baya na leƙa ba, tunda ai na san babu komai a ciki. Ashe ɗaya na kwance a maƙogwaronta. Ya huda bangon gareji, ya ratsa kicin, ya nutse a jikin firiji, daidai inda 'yata take tsayawa in za ta ɗauki madara. Tana sama tana barci. Uwarta ta yi mako ba ta haɗa ido da ni ba. Na daɗe ina cewa laifin ƙirar bindigar ne, ko gajiya ce. Har yanzu wani lokaci nakan ce da ba a yi ta haka ba... to amma yatsan wa ne?

Ku matasa, na so in jero muku shawarwari goma, na ga ba za ku karanta ba, ku da ko gaisuwa sai an taƙaita muku. Zare gidan harsashi ba sauke bindiga ba ne. Ja samanta baya, ka leƙa da idonka, ka sake leƙawa, harsasai kuma su kasance a wani ɗakin kafin ka taɓa man gogewa. Kada bakinta ya kalli abin da ba za ka iya biyan diyyarsa ba. Ka fara da .22, ka biya malami, ka yi shekara kana huda takarda kafin ka yi maganar babba.

Kai, in ma don hoto ne, kar ka saya sam. Tun Satumban 2021 Texas ta bar mai shekara 21 ya ɗauki fistol ba lasisi, sai kuka ɗauka doka ta ce kun iya. Kai kuma mai bizar karatu, dokar tarayya ta hana irinka mallaka sai da togaciya kaɗan, kar aboki ya kai ka ya baro. Ka kulle ta a akwatin ƙarfe, harsashi daban. Za ku ce to ina amfaninta in ɓarawo ya shigo? Ni ma na yi wannan musun, kuma ban gama da shi ba. Tawa dai a kulle take.

Ɗan aminin nawa kuwa, na ce masa ya zo Asabar mai zuwa in ba shi aron .22 ɗina, ni zan sayi harsashin. Ya ce, "To Kawu, in sha Allahu," idonsa na kan waya yana duba mutum nawa suka kalli bidiyon.