Harafi ɗaya tsakanin sdb da sdc

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ɗakin saba, wato manyan kwamfutocin wurin aikinmu. Kafin in tafi, bari in ba da labarin faifan nan da bakina, tunda an daɗe ana ba da shi a bayan idona.

Aikin ba wani mai wuya ba ne: in kwafe tsohon faifan kwamfuta kacokan zuwa sabo da dd, umarnin kwafe faifai a Linux. Da safe na duba, Linux ya ba tsohon suna sdb, sabon kuma sdc, na rubuta umarnin na ajiye. Da rana aka sake kunna injin. Linux kuwa ba ya riƙe wa faifai suna, wanda ya fara gani shi yake ba harafin farko. Sunayen suka juye. Oga na tsaye a kaina yana duba agogo, na liƙa umarnin safe na danna. Shi dd ba ya tambayar ko ka tabbata. Faifan da ka sa a if, wato inda za a ɗauko, ya karanta, wanda ka sa a of, wato inda za a zuba, ya danne. Sai bayan kusan daƙiƙa 40 na buɗe lsblk, mai jero faifan da ke injin, a wata taga, na ga girman faifan ya saɓa. Gabana ya faɗi. Kafin in tsayar da shi, wajen gigabait 6 na farkon tsohon faifan sun zama sifili.

Abin da ya cece ni shi ne GPT, tsarin raba faifai ɓangare-ɓangare, na ajiye kwafin teburin ɓangarori a ƙarshen faifai, da manhajar gdisk na dawo da shi. Kwana biyu na yi ina tono sauran, wasu fayilolin har yau shiru.

Laifina ne, ban taɓa musu ba. Amma sati biyu kafin nan na nemi a saya mana faifan ajiya, aka ce babu kuɗi. A taron da aka wanke ni tas, wannan maganar ba ta fito daga bakin oga ba.

Tun daga ranar ban ƙara yarda da sdb ba, sai sunan da ke /dev/disk/by-id, mai ɗauke da lambar faifan. Wanda zan kwafa, in kulle shi da blockdev --setro tukuna, don kada a iya rubutu a kansa. Faifai mai ciwo na ddrescue ne, manhajar ceto bayanai. Kwafin faifan da ban gwada da sha256sum na ga ya yi daidai da na asali ba, ban buɗe da losetup na leƙa ciki ba, ba na kiransa ajiya.

Shekara uku ke nan ko fayil ɗaya bai sake salwanta a hannuna ba. Faifan ajiyar kuwa, washegarin taron aka sayo shi, har guda biyu.