Wasiƙa daga Penang: ƙasashen da suka ƙi zaɓen ubangida

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na gida. Ya iyali, ya haƙuri da tsadar rayuwa? Allah Ya kawo mana sauƙi.

Tun da na zo karatu Maleshiya, tambayar da ta fi zuwa mini daga wajenku ita ce: wai mutanen can da wa suke, Amurka ko Chaina? Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto. Gwamnatocin wannan yanki sun ɗauki ƙin amsa wannan tambaya a matsayin aiki, kuma sun ƙware a kansa.

Ku ɗauko taswira. Tsakanin Maleshiya da tsibirin Sumatara na Indunusiya akwai wani siririn ruwa mai tsawon kimanin kilomita 800, shi ne Mashigin Malaka. A kusa da Singafo faɗin hanyar jirage bai kai kilomita 3 ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hajar duniya da ke bin teku ta nan take wucewa, har da mafi yawan ɗanyen man da Chaina ke sayowa daga waje. Kwantenar da aka yi wa lodi a birnin Gwanzu na Chaina, wadda atamfarta za ta ƙare a Kantin Kwari, ta nan take bi kafin ta kewayo Afirka ta Kudu ta iso Apapa. A 2003 shugaban Chaina na lokacin, Hu Jintao, ya nuna fargabar cewa wasu manyan ƙasashe za su iya toshe musu wannan hanya. Kowa ya gane da Amurka yake, wadda jiragen yaƙinta ke yada zango a Singafo.

Ba yau mutanen nan suka fara zama tsakanin manya ba. A ƙarni na 15 sarakunan Malaka sun raɓi daular Ming ta Chaina don Siyam, wato Tailan ta yau, ta sarara musu. Fotugal ta ci garin da yaƙi a 1511, Holan ta ƙwace a 1641, ya koma hannun Ingila bayan yarjejeniyar 1824. Ɗan makarantar sakandare a nan ya haddace waɗannan shekaru.

Abin da ya fi burge ni ya faru ne a 2004. Lokacin 'yan fashin teku sun addabi mashigin, suna tare jirage suna garkuwa da matuƙa. Amurka ta zo da shawarar shirin tsaro da aka fahimci zai iya kawo sojojinta cikin ruwan. Maleshiya da Indunusiya suka ce a'a, ruwanmu ne. Amma ba su tsaya a a'a ɗin ba. A wannan shekarar suka haɗu da Singafo suka fara sintirin jiragen ruwa tare, a 2005 suka ƙara da sintirin jiragen sama, Tailan ta shigo a 2008. Masu inshorar jirage na Landan da suka sa mashigin a jerin wurare masu haɗarin yaƙi a 2005 sun cire shi a 2006. Ku lura, waɗannan maƙwabta ba masoyan juna ba ne: Indunusiya ta yi fito-na-fito da Maleshiya daga 1963 zuwa 1966, Singafo kuma rabuwar baram-baram ta yi da Maleshiya a 1965. Raina yana sosuwa idan na tuna da namu, inda 'yan bindiga ke tsallake iyakar Najeriya da Nijar yadda suka ga dama, alhali gwamnatocin biyu sun fi kusa da baƙi na nesa fiye da junansu.

A ciniki ma haka suke tafiya. Tun 2009 Chaina ce babbar abokiyar cinikin Maleshiya. Amma a nan Penang, kamfanin Intel na Amurka yana aiki tun 1972, kuma Maleshiya tana da kimanin kashi 13 cikin 100 na aikin gwaji da haɗa ƙananan na'urorin da ke cikin wayoyi da kwamfutocin duniya. Da rikicin ciniki ya yi zafi tsakanin Washinton da Beijin, masana'antu daga ɓangarorin biyu suka yi ta neman fili a nan. Da Firayim Minista Mahathir Mohamad ya dawo mulki a 2018, sai ya dakatar da aikin layin dogon gabashin ƙasar da kamfanin Chaina ke yi, ya ce ya yi tsada. Aka koma teburi, a 2019 kuɗin ya sauko daga ringgit biliyan 65.5 zuwa biliyan 44, aiki ya ci gaba, zumunci bai ɓaci ba. A 2025 Firayim Minista Anwar Ibrahim ya karɓi Xi Jinping a Afrilu, ya karɓi Donald Trump a Oktoba, kowanne da shimfiɗar girmamawa.

Kada ku ɗauka abin kyauta ne. Wanda ke kwana tsakanin giwaye biyu barcinsa rabi ne. A 2025 Trump ya ɗora wa kayan Maleshiya harajin kashi 19 cikin 100 bayan doguwar tattaunawa, kuma a Yulin 2025 gwamnatin Maleshiya ta wajabta neman izini kafin fitar da manyan na'urorin ƙirƙirarriyar basira na Amurka, saboda zargin ana karkatar da su zuwa Chaina. A ɗaya gefen, jiragen tsaron gaɓar Chaina suna shawagi kusa da inda Petronas, kamfanin man gwamnatin Maleshiya, ke haƙar iskar gas a gefen jihar Sarawak. Gwamnati tana aika takardar ƙorafi a asirce, ta ci gaba da haƙa, ba ta ɗaga murya.

Filifins ta bi wata hanyar. Ta kai ƙara, a Yulin 2016 kotun sasanci a Hague ta ce iƙirarin Chaina na mallakar mafi yawan Tekun Kudancin Chaina ba shi da tushe a dokar teku. Chaina ta yi watsi da hukuncin. A 2023 Manila ta ƙara sansanonin da sojan Amurka ke iya amfani da su zuwa 9, a Yunin 2024 kuma wani sojan ruwanta ya rasa babban yatsa a wata arangama da jami'an Chaina. Ban ga laifinsu ba, masuntansu ake kora daga inda kakanninsu suka yi su. Ina dai tsoron ranar da za a rasa rai, domin akwai yarjejeniyar tsaro tsakaninsu da Amurka tun 1951.

Raunin yankin yana cikin ƙungiyarsu ta ƙasashen Kudu maso Gabashin Asiya, ASEAN, wadda aka kafa a 1967, yanzu da mambobi 11 bayan shigar Timo ta Gabas. Sai kowa ya amince ake yanke shawara, don haka ƙasa ɗaya tana iya riƙe sauran. A 2012 a Kambodiya, ministocinsu sun tashi taro ba sanarwar bayan taro, karon farko a tarihin ƙungiyar, saboda batun tekun. Ƙa'idojin zama lafiya a tekun da aka yi alkawarinsu tun 2002 an yi ta jan ƙafa a kansu shekara da shekaru, ga shi shugabancin ƙungiyar na 2026 a hannun Filifins yake, wadda ta fi kowa jin jiki.

Ku gaida mutanen gida, ku sa mu a addu'a.

Naku,
Ɗan'uwanku a Penang