Tabarau na VR da ciwon mara: abin da aikin kammala karatu ya koya mini

A ajinmu na koyon aikin jinya, ni kaɗai na ɗauki batun rage wa 'yan mata ciwon mara da tabarau na VR, wanda in ka sa a ido sai ka ganka a wata duniyar da kwamfuta ta zana. Ƙawayena har tsokanata suke, wai na zaɓi wasan yara.

Dabarar kuwa ta daɗe. A Jami'ar Washington da ke Amurka, Hunter Hoffman da David Patterson suka ƙera wata duniyar VR mai suna SnowWorld don masu ƙunar wuta: ana wanke wa mutum rauni, shi kuwa yana can cikin ƙanƙara yana jifa. Tun 1965 wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka nuna cewa saƙon zafi ba ya isa ƙwaƙwalwa kai tsaye, akwai mashigar da ke buɗuwa ko ta ƙuntata. Hankalin mutum kuma yana da iyaka. In ido da kunne suka cinye shi, abin da ya rage wa ciwo kaɗan ne. A 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wata na'urar VR don ciwon baya mai daɗewa.

Amma ciwon mara daga sinadarin prostaglandin yake, wanda ke sa mahaifa ta riƙa murɗawa. Ibuprofen na rage shi sinadarin, musamman in an sha da wuri. Tabarau bai san da zamansa ba.

Na ga haka da idona a ɗakin shan magani na wata makarantar kwana. Wata 'yar aji huɗu ta shigo a duƙe, ta danne mara da hannu biyu, goshinta duk gumi. Na ba ta magani, na sa mata tabarau mai nuna bakin teku. Kafin wani lokaci kafaɗunta suka sauka, yatsun ƙafarta da ta dunƙule suka saki. Da na cire, jim kaɗan ta ce, "Anti, ya dawo fa." Nan na gane gurbinsa: cike tazarar da ke tsakanin haɗiye ƙwaya da fara aikinta. Wata kuwa jiri ya ɗebe ta har ta yi amai, domin da ma al'ada na zuwar mata da tashin zuciya. Ita kwalbar ruwan zafi ta fi mata, ga araha, ba ruwanta da caji.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda tabarau ya jawo waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Son gani ya kawo su, sai baki ya buɗe. Wata kanwa take sha a ɓoye. Wata an ce mata, "Ki yi haƙuri, in kin haihu zai daina." Wata duk wata sai ta rasa darasi, ciwon na farawa tun kafin jini ya zo, magani kuma ba ya taɓa shi. Irin wannan ba a rufe mata ido da teku. Likitan mata take bukata, a duba ko endometriosis ne, wato ciwon da nama irin na cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta. Da hannuna na rubuta takardar da aka aika wa mahaifiyarta, malamar da ke duba aikina kuma ta sa na ƙara shafin tambayoyin tantancewa kafin a ɗora wa kowace yarinya tabarau.