Fitowar aljani a wasan ƙarshen shekara: a bar hunturu ya yi rabin aikin

Wasan telebijin mai sarƙaƙiyar iskoki ya fi kama jiki a watan Disamba. An gama girbi, dare ya yi tsawo, yara sun samu hutun lakwal, ga shagalin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriyar Nijar, wanda Damagaram ta karɓi baƙuncinsa a 2018, sai kuma daren 31. Gida cike yake, kowa ya ƙudundune cikin bargo, irin zaman da a da ake yi wa tatsuniya. Don haka mai shirya wasa ya ja zaren asirin, ya ajiye warwararsa sai kashin da zai fita makon ƙarshe.

Inda ake yawan yin ɓarna shi ne nuna aljanin ƙuru-ƙuru, an shafa wa mutum farar ƙasa an ce ga shi. Dariya za a yi. Bahaushe ya riga ya san gindin tsamiya da almuru, ya san dalilin da uwa ke kiran yaro ya shigo gida da magariba. A nuna masa wurin kawai, da takalmi ƙafa ɗaya a ƙasa.

Lungunan Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, da duwatsunta sun isa wurin ɗaukar wasan. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6, hasken da ake so bai wuce minti 20 ba, saboda haka a gama gwaji tun la'asar. Hazo ya ba ku hayaƙi kyauta. In bai isa ba, a sa turaren wuta a kasko ta arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa, ta kwaso shi gaban kyamara. Fitila ɗaya, daga gefe, ƙasa-ƙasa.

Ɓacewar mutum kuwa, a kafe kyamara bisa ƙafafunta, ɗan wasa ya fice, a ci gaba da ɗauka, a yanke tsakiyar. In wani ya taɓa ƙafar ko haske ya sauya, dabarar ta tonu.

Iska kan cika makirfo da gurnani, sai a naɗe shi da soso, injin wuta kuma a kai shi bayan katanga. Wata magana mai nauyi: kada a sa mai garaya ya kaɗa ainihin taken iskokin bori irin su Doguwa ko Ɗan Galadima. A cikin masu kallo akwai waɗanda kiɗan ke tayar musu da iska, a tsakar gida, ba mai riƙe su. A ƙirƙiri wani kiɗa na daban.