Kafintan gidan 'yar tsana

Dattijon da muke haɗa katanga da shi a nan garin Donkasta na Ingila yana da jirgin ƙasa a bayan gida. Na wasa ne, amma tafiya yake yi sosai: dogo mai faɗin milimita 45 ya zagaye lambun, ga gada, ga tasha har da benci. Mutumin ya haura saba'in. Tun zuwana, in na gaishe shi, gira kawai yake ɗaga mini.

Sai ga zafin 19 ga Yulin 2022, ranar da Ingila ta fara haura digiri 40, har aka tsayar da jiragen ƙasan da ke tasowa daga Landan zuwa nan don gudun kada dogo ya lanƙwashe. Rufin tashar dattijon baƙar roba ce. Ta sha rana, gefe guda ya nannaɗe kamar ganda a wuta.

Ya leƙo ta katanga, wai tunda daga Afirka nake ai na san maganin zafi. Maganar ta sosa mini rai. Ni da na karanta injiniyanci a Samaru, nan kuma kwali nake ɗauka a sito, abin da aka san ni da shi ke nan, zafi. Amma ranar ce wani a layinmu ya fara neman wani abu a wurina. Na ce, "To Baba, mu gani."

Na kwance rufin, na tsoma shi a ruwan zafin da bai kai ga tafasa ba har ya yi laushi, na matse shi tsakanin katako biyu, na ɗora bulo ya kwana. Roba in ta taɓa karkacewa komawa take yi, don haka na liƙa siraran alminiyom ta ƙasa, na huda bangon ta sama don zafi ya samu mafita, baƙin fentin kuma muka maye shi da ruwan toka mai haske.

Ina durƙushe ina busa wata kusurwa da abin busar da gashin matarsa, Yaya ya kira ni a bidiyo. Ya yi shiru, can ya ce, "Au, abin da ya kai ka Turai ke nan?" Kafin magariba hotona ya shiga guruf ɗin gida. Har yau ƙannena kafintan gidan 'yar tsana suke ce mini.

Su da suka san mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a reluwe ya ƙare aikinsa a Sabon Gari! Da na faɗa wa dattijon cewa Zariya mahaɗa ce, dogo ya ratsa ta ya kai Kano a 1911, wani reshe ya nufi Ƙauran Namoda, sai da ya ɗauko taswira ya sa na nuna masa.

Hajiya ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Tambayarta ita ce, bawan Allahn ba shi da jikoki ne? Ɗakinta na Tudun Wada yana yoyo tun farkon damina, ba ta taɓa faɗa mini ba, a bakin ƙanwata na ji. Na tura kuɗin kwano bandir biyu, yanzu Yaya ya ce kafinta ya hau ya tarar gara ta cinye katakon. Na ƙarshen wata ta hannun ƙanwar tawa zan tura.