Agogo mai wani a gaban akori-kurar mahaifina

Lokacin da muka raba gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, babu wanda ya nuna sha'awar tsohuwar Fijo 404 akori-kura da ta shafe shekaru a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu, a wani ƙauye kusa da Ringim. Ni na karɓe ta, domin da ita marigayin ya yi ta kai gero da riɗi kasuwar Maigatari kowace Alhamis. Kamfanin Peugeot ya fara fitar da samfurin 404 a Faransa a 1960, kuma bayan buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975 motocinsa suka cika hanyoyin Arewa, shi ya sa har yanzu ake samun kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa idan mutum yana da haƙurin tonawa.

A can ne, cikin tarin mitocin tsofaffin motoci, na ci karo da wani agogo mai baƙar fuska, an rubuta Jaeger a jikinsa, da lamba 8 a ƙasa. Irin agogon nan ne da ake yi wa wani, wato a murɗa shi da hannu, sau ɗaya ya yi kwana takwas yana aiki, ba ruwansa da batir. Na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran agogo a Sabon Gari, ya buɗe bayansa, ya daɗe yana dubawa da gilashin da yake maƙalawa a ido, sannan ya ce, "Ɗana, lafiyarsa ƙalau, mai ne ya bushe ya zama danƙo. Amma kada ka kuskura ka ɗiga masa man keken ɗinki." Na ce, "To, Baba, na ji." Ya warware shi gaba ɗaya, ya wanke kowane haƙori, ya sa masa man agogo da bakin allura.

Shi ne ya fahimtar da ni dalilin da ya sa irin wannan agogo yake iya zama a mota, alhali agogon bango mai lilo ba zai iya ba. Abin da ke ƙidaya lokaci a cikinsa wani ɗan ƙaramin gargare ne mai juyawa dama da hagu, wanda wani siririn sifirin mai kama da gashi yake dawo da shi, kuma wannan juyi ba ya dogara da tsayuwar agogon a miƙe. Kowane juyi yana sakin haƙori ɗaya, kuma sakin nan shi ne ƙarar da kunne yake ji.

Wajen ɗaura shi ne aka yi muhawara. Bakanikena ya so a huda allon gaban motar a cusa agogon, kamar yadda ake yi wa ƙananan mitoci masu faɗin milimita 52, ni kuwa na ƙi, saboda ƙarfen da aka yanka ba ya komawa yadda yake, kuma allon nan hannun mahaifina ya shafe shi shekara da shekaru. Mai walda ya lanƙwasa mana ɗan ƙarfe, muka ɗaure shi a ƙasan allon da notocin da suke wurin tun asali. Tsakanin ƙarfen da agogon muka sa roba ninki biyu da muka yanko daga tsohon tif, domin gargadar hanyar gona tana iya karya tsinin sandar da gargaren yake juyawa a kai, wanda bai kai kaurin allura ba. Mun kuma bar isasshen fili yadda yatsuna za su kai ga abin wanin, muka zaɓi gefen da rana ba ta dukansa kai tsaye.

Zama da shi ya koya mini yanayin ƙasarmu ta wata fuska dabam. A watan Afrilu, idan motar ta wuni a rana, agogon yakan yi latti, saboda zafi yana sassauta siririn sifirin. Da hunturu kuma ƙura ce abin tsoro, don haka nake rufe shi da ƙyalle idan zan ajiye motar. A bayansa akwai wani ɗan hannu tsakanin haruffan A da R, na farko don ƙara gudu, na biyu don ragewa, kuma na koyi taɓa shi kaɗan ƙwarai sannan in jira kwana biyu kafin in yanke hukunci. Ba na musun cewa agogon wayata ya fi shi daidaito nesa ba kusa ba, kuma da shi nake saita wannan duk ranar Juma'a da safe, lokacin da nake yi masa wani.

Idan inji yana aiki ba a jin motsinsa ko kaɗan. Sai na kashe motar a bakin gona, ƙura ta lafa, sannan ƙas-ƙas ɗinsa yake fitowa a hankali har ya cika gidan gaba. Makonnin farko ƙarar ta dame ni, musamman idan na kishingiɗa a kujera ina jiran masu lodi, amma yanzu rashinta ne yake damuna, kuma sau biyu shirun da na tarar da asuba ne ya sanar da ni cewa na manta ranar wani.

Ranar da na kai Inna asibiti a Ringim, muna zaune a motar muna jiran a buɗe ƙofa, ta karkata kunne ta ce, "Wannan ai irin kukan agogon aljihun Malam ne." Ta roƙe ni kada in kunna rediyo, muka zauna muna sauraro har mai gadi ya zo.