Daga talabijin zuwa dandamali

Mun ɗauki wani wasan talabijin mai dogon zango muka mayar da shi wasan dandamali na waƙa da rawa, kuma har yau aikin bai fita daga raina ba.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne rashin kyamara. A talabijin, idan uwa ta ji labarin rasuwar ɗanta, kyamara ce ke matsowa kan fuskarta, mai kallo ya ga leɓenta na rawa, shi ke nan an gama magana. A dandamali kuwa, wanda ke kujerar baya ba ya ganin leɓen kowa. Dole waƙa ta ɗauki wannan nauyin. Sai muka tsayar da uwar ita kaɗai a ƙarƙashin fitila, kiɗa ya fara a hankali kafin muryarta ta shigo.

Yanke labarin ya yi mini ciwo ƙwarai. Abin da aka daɗe ana nunawa mako-mako sai da ya shiga cikin awa biyu da ɗoriya. Mun haɗe 'yan'uwa biyu suka zama mutum ɗaya. Masoyan wasan sun yi ƙorafi, kuma ban ga laifinsu ba, amma duk waƙar da ba ta ciyar da labari gaba, cire ta muka yi komai daɗinta.

'Yan wasan nan, Allah ya saka musu da alheri. Suna rawa suna waƙa kai tsaye, ƙaramar makirufo manne a kunci, ga shi babu damar a ce a sake ɗauka.